Rular Oga da Jadawali Goma Sha Biyu

(Oga ya shigo da rula a hannu. Akawu na gaban kwamfuta yana sharce gumi. Baba Masinja na tsaye a gefe da fayil a hammata.)

Oga: Malam Akawu, jadawali masu ginshiƙai, wato chart, goma sha biyu na ce ka kwaso daga Excel ka jera a PowerPoint. Me ya sa wani ya fito kamar ƙofar gareji, wani kamar tagar banɗaki?

Akawu: Ranka ya daɗe, da ido na gwada. Ai ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Oga: Naka bai sani ba. Matsa! (Ya manna rula a gilashin kwamfuta.) Wannan sha huɗu, wannan sha ɗaya.

Masinja: Yallaɓai, a yi mini afuwa. Rula ba ta auna abin da ke bayan gilashi. Wancan shafin an zuƙo shi zuwa kashi 130, wannan yana kan 100. Ko girmansu ɗaya, rula za ta ƙaryata.

Oga: Kai kuma wa ya sa da kai?

Masinja: Shiru na yi.

Oga: A'a, tunda ka fara, ƙarasa.

Masinja: Malam Akawu, koma Excel. Danna gefen jadawali na farko, ka riƙe Ctrl, ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Duba sama, ka buɗe Shape Format. Can ƙarshen dama akwai gurbi biyu, na tsayi da na faɗi. Lamba ake rubutawa a nan, ba jan kusurwa ake yi ba.

Akawu: Nawa zan sa?

Masinja: Shafin PowerPoint mai faɗi santimita 33.87 ne, tsayinsa 19.05. Tunda bibbiyu ake so a shafi, sa faɗi 15, tsayi 9. Biyu sun cinye 30, ragowar ta ishi gefe da tsakani, sama kuma akwai wurin take.

Akawu: Na sa tsayi, faɗi ya gudu. Na kamo faɗi, tsayi ya tsere. Baba, kwamfutar nan da iska a jikinta!

Masinja: Ba iska ba ce, kwaɗo ne. Danna 'yar kibiyar da ke ƙasan gurbin nan. Ga wani akwati da aka rubuta Lock aspect ratio, aikinsa ɗaure tsayi da faɗi su riƙa tafiya tare. Cire masa alama, sannan ka sake rubutawa.

Oga: Wannan bi ɗai-ɗai ɓata lokaci ne. Ni na san ta gaggawa. (Ya danna F5, ya zaɓi Special, ya zaɓi Objects, ya buga lamba.) Ka gani?

Akawu: Ranka ya daɗe, tambarin kamfani ya kumbura ya rufe rabin shafi.

Masinja: Waccan hanyar ba ta tambayar wane ne jadawali. Hoto, tambari, akwatin rubutu, duk sai ta haɗa. Garin neman gira an rasa ido. Ctrl da Z, Malam.

Oga: Gwaji na yi muku.

Masinja: Kafin ka rufe, akwai wani tarko a ƙarƙashin Properties. Excel kan ɗaure jadawali da gidajen da yake kwance a kansu. Ka faɗaɗa layin tsaye, ya miƙe. Ka ɓoye layin kwance, ya tsuke. Zaɓi na biyu, wanda ke barinsa ya matsa amma girmansa bai canja ba.

Akawu: To ga shi na liƙa a PowerPoint, ya sake cika shafi!

Masinja: Wancan fanko da ke cewa a danna a yi rubutu, shi ya haɗiye shi ya ba shi girmansa. Goge shi tukuna, ko ka ɗauki tsarin shafi mai take kaɗai. Wajen liƙawa kuma a kula. In ka liƙa a matsayin hoto, rubutu na girma da ƙanƙancewa tare da hoton, kuma lamba ba ta gyaruwa. In ka cusa littafin Excel a ciki, dukkansa ke shiga, har shafukan da ba ka nufa ba.

Oga: Har shafin alawus?

Masinja: Duk wanda aka tura wa zai iya buɗewa.

Oga: Hoto! A yi hoto!

Akawu: An yi. Amma Baba, waje ya daidaita, ciki bai yi ba. Ginshiƙan wannan a takure suke.

Masinja: Lambobin gefensa dogaye ne, bayanin launukansa kuma yana dama, na sauran yana ƙasa. Koma Excel ka gyara kafin ka sake liƙawa: mayar da duka ƙasa, rubutu ya zama girma ɗaya. Sai babbar magana: ma'aunin gefe. Excel kan zaɓa wa kowanne nasa. Na sashen kasuwanci ya tsaya a 500, na ofishin Oga a 50, amma ginshiƙansu kafaɗa da kafaɗa. Danna lambobin gefe sau biyu, ka sa ƙasa sifili, sama 500, a kowanne.

(Akawu ya gyara. Oga ya matso ya gyara zaman tabarau.)

Oga: Ina ginshiƙin ofishina?

Akawu: Ga shi nan ƙasa, ranka ya daɗe. Wannan ɗan guntun.

Oga: Na ɗauka datti ne a gilashi. Malam Akawu, wannan ɗaya a mayar da shi yadda yake. Baba Masinja, wannan fayil ɗin tun safe ba a kai shi ba?