Firij ɗin da ya tsoma baki a bincikena

Kurmanji, karin Kurdancin da ake yi a kudu maso gabashin Turkiyya, yana da k iri biyu, amma harafi ɗaya ake rubuta su da shi. Ɗaya na fita da hucin iska, ɗaya a bushe, ga kuma g mai ziza, wato mai kaɗa tantanin maƙwallato, a gefe. Haka p da t. Aikina shi ne auna tazarar da ke tsakanin buɗewar baki da fara kaɗawar tantanin maƙwallato, ma'aunin da masana furuci Lisker da Abramson suka yaɗa a 1964. Busasshiyar k ba ta cika wuce milisakan 30 ba, mai huci tana kai 60 ko fiye, g kuwa tana fara ziza tun baki na rufe.

Na samu wani dattijo mutumin birnin Diyarbakir da ke wannan yanki, na zaunar da shi a kicin saboda can ne babu hayaniyar titi. Makirufo taƙi guda daga bakinsa, ɗan karkace don kada hucin p ya buge shi. Kalma arba'in, kowace sau uku.

Da dare na buɗe Praat, manhajar nazarin sautin magana, sai ga baƙin layi, alamar ziza, shimfiɗe a ƙasan hoton sautin, har a inda baki ke rufe. Kowace k ta koma g! Na kwana ina lissafin yadda sunana zai shiga littattafai. Ashe firij ne. Wutar Turkiyya hatiz 50 take, wato tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, gurnanin injinsa na hawa 100, daidai inda muryar namiji ke zama, manhajar kuwa ba ruwanta da wanda ya yi ziza. Da na fara ɗaukar shirun ɗakin na daƙiƙa goma, da na kama shi.

Washegari na cire filogi muka sake. Muka zo kan ker: da huci jaki ne, a bushe tare da r mai kaɗawa kurma. Na gwada faɗin kurma, kunnen Bahaushe ya ja ni wajen ƙ, dattijon ya girgiza kai. Na sassauta, iska ta kufce, takardar da na riƙe gaban baki ta yi filfil. Ina kallonsa ido cikin ido na maimaita sau uku.

"Ɗana," in ji shi, "kurman na yarda. Ɗayan kuwa, je ka duba naman matata, tun hantsi firij ke kashe."