Wa zai tona asiri a garin masu rufa asiri?

Da zarar Disamba ta kama a nan Ohio, akwai wasu littattafai da ke cika kantocin laburare. Bangonsu kusan iri ɗaya ne: dusar ƙanƙara, keken doki a ƙofar gidan gona, mace da farar hula ta juya baya. Labaran bincike ne masu sanyi, an kafa su a garuruwan 'yan Amish lokacin Kirsimeti. A ciki za a tsinci gawa, ko a nemi kuɗin wata gwauruwa a rasa, amma ba a nuna jini, ba batsa, ba ashar. Mai binciken ma ba ɗan sanda ba ne. Yawanci mace ce mai shagon burodi ko mai ɗinkin bargo, wadda ta san kowa kuma kowa ya san ta. Wasu har da tsarin girki suke rufewa. Ina karanta su, ina jin daɗinsu, kuma duk wanda na gama sai ya bar ni da tunanin Kano.

Su Amish Kiristoci ne da suka ɓalle a 1693 ƙarƙashin Jakob Ammann, asalinsu Suwizalan da yankunan da ke kusa da ita. Tsanantawa ce ta kore su zuwa Amurka a ƙarni na 18, yau sun kai kimanin dubu 400, mafi yawansu a Pennsylvania, Ohio da Indiana. Ba sa jan wutar lantarki zuwa gidajensu, ba sa mallakar mota, a gida suna magana da wani karin Jamusanci, kuma 'ya'yansu na tsayawa da karatu a aji takwas, haƙƙin da Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar musu a 1972. In ka bi hanyar gundumar Holmes a nan Ohio, za ka ga baƙin keken doki da alwatika mai ruwan lemo a bayansa, motoci sun yi layi suna binsa a hankali, ba mai matsa oda.

Kirsimetinsu ba irin na talabijin ba ne. Babu itacen ado, babu fitilu masu walƙiya. Yara kan yi waƙe da ɗan wasa a makarantarsu mai ɗaki ɗaya, iyaye su zo kallo, a ci abinci, a yi musayar ƙananan kyaututtuka. Wasu na ƙara ranar 26 ga Disamba don ziyarar dangi, a Holmes kuwa ana rufe shaguna ranar 6 ga Janairu, tsohon Kirsimetinsu. Marubuci mai neman wurin kafa labari ba zai samu wanda ya fi wannan ba: dangi duk sun hallara, ƙanƙara ta toshe hanya, babu waya a ɗaki. Mai laifin yana cikin waɗanda ake cin abinci da su.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Mafi yawan masu rubuta waɗannan littattafai ba Amish ba ne, masu saye ma haka. An ɗauki rayuwar mutane an mai da ita wurin hutawar wasu. Kuma labarin bincike, komai sanyinsa, ƙarshensa ɗaya ne: a nuna mai laifi, a miƙa shi ga hukuma, hankali ya kwanta. Alhali mutanen da ake labarin a kansu ba haka suka ɗauki laifi ba. Ba sa kai ƙara kotu, ba sa rantsuwa, ba sa shiga aikin soja. Wanda ya yi ba daidai ba yakan amsa laifinsa a gaban jama'ar cocinsa, a ƙaurace masa na wasu makonni, sannan a karɓe shi, kuma ba a son a sake tada maganar. A watan Oktoban 2006, wani mutum ya shiga makarantarsu a ƙauyen Nickel Mines da ke Pennsylvania, ya kashe 'yan mata biyar, ya kashe kansa. Kafin gari ya waye wasu 'yan Amish sun je gidan iyalansa da ta'aziyya, kuma da yawa sun halarci jana'izarsa. Littafin da ya ƙare da ankwa a hannun mai laifi bai taɓo wannan zurfin ba.

Wannan hali kuwa ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Mu ma da abu ya faru, kalmar farko ita ce a rufa asiri, a kashe maganar a cikin gida. A kira babban wa, in ta ƙi a je wajen mai unguwa ko liman, a ce wa wanda aka cuta ya yi haƙuri ya bar wa Allah. Akwai alheri mai yawa a ciki, zumunci nawa ne ya tsira ta haka. Akwai kuma cuta. Yarinyar da kawunta ya lalata, aka ce ta yi shiru don mutuncin gida, ita ce ke biyan kuɗin rufin asirin. A cikin Amish ma an sha fallasa irin wannan, inda yafiyar da aka yi wa mai laifi ta zama takunkumi a bakin wadda aka zalunta.

Inda muka sha gabansu shi ne mu muke rubuta kanmu. Tun shekarun 1980 matan Kano da Kaduna da sauran garuruwa ke fitar da littattafai kan kishi, auren dole da sakin wulaƙanci, an sayar a kasuwa, an karanta a rediyo, yanzu kuma sun koma waya. An zage su, an ma ƙona wasu littattafan a Kano a 2007, ba su daina ba. Wadda ta rubuta rikicin kishiyoyi ta kwana a gidan da ake yinsa. Amma labarin bincike a wurinmu bai samu gata ba, in ma an yi sai ka ga bindigogi da 'yan daba da jami'an sirri, abin da aka kwaso daga fina-finan waje.

Ga mai bincike kuwa muna da ita tun tuni: dillaliya. Gidan da aka rubuta “ba shiga” a zaurensa, ita da sallama kawai take wucewa har ƙuryar ɗaki. Ta san wadda ta sayar da sarƙar gwal ɗinta a ɓoye, ta san wanda bashi ya sha wa kai, ta san atamfar da ta fito daga lefen da aka ce ba a taɓa ba. A kafa labarin a jajibirin Babbar Sallah, 'yan Abuja da 'yan Legas sun dawo, raguna a ɗaure a tsakar gida, sai kuɗin adashen matan unguwa ya yi ɓatan dabo daga ƙarƙashin katifar uwar adashe. Kowa ɗan'uwan kowa ne, ba wanda za a iya tuhuma a fili. Dillaliya ta bi gida-gida da ƙullin kayanta, ana tayi tana sauraro.

Babin da nake son karantawa shi ne na bayan ta gano. Ɓarawon ɗan aminiyarta ne, saura mako biyu a ɗaura masa aure, matan da aka kwashe wa kuɗi kuwa a cikinsu akwai mai jiran kwasarta don biyan aikin asibiti. Ta je wajen mai unguwa ne, ko ta shiga ɗakin uwar yaron ta turo ƙofa? Marubutan Amish na aro kan tsallake wannan wurin da kiran ɗan sanda. Marubuciyar da ta tashi a Fagge ko Tudun Wada ba za ta iya tsallakewa ba, don ta san abin da kowace hanya za ta jawo wa dillaliyar da kanta, wadda cinikinta kaf ya rataya ne a kan yardar matan da ke buɗe mata ɗakunansu.