Ranar ANC tana da masu ita, ranar NEPU fa?

A nan Afirka ta Kudu shekarar siyasa ba ta buɗewa sai 8 ga Janairu. Mutane na dawowa daga hutun ƙarshen shekara, aljihu ya bushe, yara ba su koma makaranta ba, amma rediyo da talabijin sun riga sun kama magana ɗaya: me shugaban ANC, jam'iyyar Mandela da ke jan ragamar mulki tun 1994, zai faɗa bana, wane lardi ne zai karɓi taron, filin zai cika ko ba zai cika ba. A ranar ce aka kafa jam'iyyar a 1912, cikin wata 'yar majami'a a unguwar Waaihoek ta birnin Bloemfontein, inda sarakuna da malaman coci da lauyoyi baƙar fata suka zaɓi John Dube shugaba, Sol Plaatje kuma babban sakatare. Direban tasin da ke zagin ANC tun safe har dare ya san wannan rana. Yarinyar da aka haifa bayan 1994 ta san ta.

Mu kuma muna da 8 ga Agusta. A ranar ce a 1950 wasu matasa takwas suka taru a Kano suka kafa NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Ka tsaya a Ƙofar Mata ko bakin Kantin Kwari ka tambayi samari goma abin da ya faru a wannan rana, ka ga ko za ka samu amsa. Akan samu dattawa da malaman jami'a su taru a zaure guda su yi jawabai, Allah Ya saka musu, amma ranar ba ta fita titi, ba ta shiga aji, ba ta hana wani gwamna barci. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da Janairu ta zagayo.

Kada a ɗauka ANC nake yabo. Ina zaune a Johannesburg, na sha ɗaukewar wuta da ruwa, na ga yadda tsakiyar birnin ya lalace a hannun 'yan siyasa. Bikin cika shekara 100 da aka yi a 2012 an kashe masa dukiya mai yawa, manya suka yanka kek suka ɗaga kofuna a kan dandamali, talakawan da aka kwaso a motoci suna kallo cikin rana. Wata bakwai bayan haka, ranar 16 ga Agusta, 'yan sandan gwamnatin ANC suka harbe ma'aikatan haƙar ma'adinai 34 a Marikana. Kwamitin alƙali Zondo ya zo ya baje kolin yadda aka wawushe kamfanonin gwamnati a zamanin shugaba Jacob Zuma. A zaɓen 2024 jam'iyyar ta faɗo zuwa kashi 40 cikin ɗari, kujeru 159 cikin 400, dole ta nemi abokan hamayya su kafa gwamnati tare. Bikin ranar haihuwa bai hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Amma ga abin da ranar take yi. Asalinta ba biki ba ne. Oliver Tambo, jagoran jam'iyyar a gudun hijira, shi ne ya fara fitar da jawabin 8 ga Janairu a 1972, jam'iyyar tana haramce, shugabanninta wasu a kurkukun Robben Island wasu a gudun hijira. Daga ƙarshen shekarun 1970 ya zama al'adar kowace shekara, ana karanta shi ta gidan rediyon jam'iyyar daga Lusaka, mutane a Soweto suna kasa kunne a ɓoye domin sauraronsa laifi ne. Kowace shekara ana ba ta suna da aiki: 1980 ta kundin 'yanci, 1984 ta mata. Wato jam'iyya tana faɗa da bakinta, a rubuce, ga abin da muka yi bara, ga abin da za mu yi bana. Jawaban nan suna nan a ajiye, kowa na iya karantawa. Saboda haka duk Janairu 'yan jarida sukan ɗauko na bara su jera alkawuran, tsofaffin 'yan gwagwarmaya su fito su ce wannan ba ita ce ƙungiyar da aka ɗaure mu dominta ba, ƙungiyar ƙwadago ta COSATU ta hau dandamalin ta faɗi nata ƙorafin a gaban shugaban ƙasa. Tarihin da jam'iyyar take taƙama da shi, shi ne bulalar da ake zane ta da ita. Talaka a nan yana da ma'aunin da zai auna shugabansa, kuma jam'iyyar ce da kanta ta ba shi ma'aunin.

An kuma adana kayan. Takardun ofisoshin ANC na ƙasashen waje da na makarantarta ta Mazimbu a Tanzaniya an kwaso su an kai Jami'ar Fort Hare, inda Mandela da Tambo suka yi karatu. Majami'ar Waaihoek an gyara ta, kuma a 2024 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya tare da Sharpeville da gonar Liliesleaf, inda aka kama jagororin ƙungiyar a 1963. Ba komai ke tafiya daidai ba, ita Liliesleaf ɗin sai da aka rufe ta a 2021 saboda rashin kuɗi. Kuma tunawar tasu tana da zaɓe: ba kasafai ake gaya wa yara cewa tsohon shugaban ƙasa Thabo Mbeki ya zauna a Legas yana wakiltar ANC ba, ko cewa ma'aikata da ɗaliban Najeriya sun tara kuɗi daga aljihunsu domin wannan gwagwarmaya tun 1976. Da an koyar da wannan yadda ya kamata, wataƙila da shagunan baƙi ba su ƙone a 2008 da 2015 da 2019 ba. Wannan ciwo ne da duk ɗan Najeriya mazaunin nan yake ɗauke da shi, kuma ba na yafe wa ANC shi.

To mu me muka ajiye? Abin da NEPU ta sha ba ƙarami ba ne. A zaɓen 1951 ta ci matakin farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda En'e ke cusa nata mutane a cikinsa, ya tace 'yan takararta har babu ko ɗaya da ya kai majalisar Kaduna. A 1952 ta fitar da sanarwar Sawaba, wadda ta ce ƙarara akwai rikicin aji tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e, kuma babu mai 'yantar da talaka sai talaka da kansa. A kan wannan magana aka ɗaure mutane a kotunan alƙalai, aka yi musu bulala a bainar jama'a, aka kore su daga garuruwansu, aka ninka musu haraji, aka saki 'yan Mahaukata, wato 'yan dabar siyasa na ɓangaren masu mulki, a kansu. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku har sau 16, tana neman wa matan Arewa ƙuri'ar da ba su samu ba sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970. Waɗanda suka ɗauki wannan nauyi teloli ne da mahauta da 'yan koli da malaman zaure, mutanen da sunayensu ba su shiga jarida ba. A kusan kowane gari daga Zariya zuwa Gusau zuwa Nguru akwai gidan da har yau ake cewa gidan ɗan NEPU ne, jikoki suna da guntun labari, ba su da cikakkensa.

Kuma gwagwarmayar ta haifi ɗa mai ido. Da PRP, jam'iyyar da ta gaji NEPU, ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Duk wanda kakansa ya taɓa kwana a daji yana gudun masu karɓar haraji ya san abin da wannan yake nufi. Hutun ranar ma'aikata ma Kano ce ta fara ba da shi a 1980 kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. Wace jam'iyya ce a Najeriya ta yau za ta nuna alkawarin da ta ɗauka shekara talatin baya, ta riƙe shi cikin wuya, ta cika shi cikin makon da ta hau mulki?

Da wannan tarihi duka, abin da muka zaɓa mu riƙe shi ne mutum ɗaya. Muna tuna 17 ga Afrilu, ranar da Malam Aminu Kano ya rasu a 1983. Sunansa na kan filin jirgin sama da asibitin koyarwa, gidansa na Mambayya a Gwammaja ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero, kuma cibiyar tana ƙoƙarinta. Malam ya cancanci fiye da haka, Allah Ya jiƙansa. Sai dai shi kansa ba ya wurin ranar da aka kafa NEPU, yana koyarwa a Maru, sai daga baya ya ajiye aiki ya shigo, ya zama shugabanta a 1953. Idan ka mayar da ƙungiya ta zama mutum ɗaya, mutumin kuma ya rasu, to gadonsa ya zama na duk wanda ya iya kwaikwayon shigarsa. Shi ya sa yau kowa ɗan Malam ne. Mai jar hula ɗan Malam ne, wanda ke faɗa da mai jar hula ɗan Malam ne, wanda ya sauya jam'iyya sau huɗu ma ɗan Malam ne. Babu wanda za a ɗauko wa takarda a ce ga abin da NEPU ta ce game da kotuna, da ilimin mata, da dukiyar shugaba, kai ina ka tsaya?

A nan ma ana kokawar gado. A Disambar 2023 Jacob Zuma ya ɗauki sunan uMkhonto weSizwe, tsohuwar rundunar yaƙin ANC, ya yi jam'iyya da shi, ya zaɓi ranar 16 ga wata don sanarwa domin ita ce ranar da aka kafa rundunar a 1961. ANC ta garzaya kotu a kan suna da tambari, ba ta yi nasara ba, sabuwar jam'iyyar ta kwashi kujeru 58. Amma dubi yadda aka yi faɗan: da takardu, da ranaku, da tsofaffin mayaƙa suna fitowa suna ba da shaida ta kowane ɓangare. Ƙasa ta yi wata da watanni tana muhawara a kan waye magajin gaskiya. Mu namu gadon ana ɗauka ne ba tare da ko tari ba.

Na san uzurin da za a kawo, kuma yana da ƙarfi. Soja ne suka riƙa yanke mana zaren. An rusa jam'iyyu a 1966, an sake rusa su bayan juyin mulkin ƙarshen 1983, Babangida ya ƙera SDP da NRC a ofis ya ce kowa ya shiga ɗaya. PDP ta 1998 ce, APC ta 2013. A Nijar Sawaba ta Djibo Bakary an haramta ta tun 1959, aka bi 'ya'yanta da kisa da ɗauri. Jam'iyyar da ake kashewa duk bayan 'yan shekaru yaushe za ta yi furfura? Gaskiya ne. Amma ANC ma an haramta ta shekara 30, daga 1960 zuwa 1990, kuma a cikin haramcin ne ta ƙirƙiro jawabin 8 ga Janairu, daidai lokacin da ake son a manta da ita. Soja sun bar mulki a Najeriya tun 1999. PRP tana nan da rajista da tambarinta na mabuɗi. Rigimar santsi (ɓangaren gwamnoni Rimi da Balarabe) da taɓo (ɓangaren Malam) da ta tsaga gidan PRP tun Malam yana raye ta fi kowace dokar soja illa, kuma har yau ba mu zauna mun faɗa wa juna gaskiya a kanta ba. Tunawa ta gaskiya dole ta haɗa da wannan, da tsige Balarabe Musa a 1981, da kisan Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa, a tarzomar Kano a wannan shekarar.

Ba bikin gwamnati nake nema ba. Ranar da gwamna ya ɗauki nauyin 8 ga Agusta, ta zama ranar rabon atamfa da kirari. Abin da nake nema ya fi haka sauƙi, ya kuma fi gaggawa. Gambo Sawaba ta rasu a 2001, Rimi a 2010, Balarabe Musa a 2020, waɗanda suka ga shekarun 1950 da idonsu kuma sun haura tamanin. Kowane ɗalibin tarihi a Bayero da ABU da Usmanu Danfodiyo yana da waya a aljihu. A tura su unguwanni da ƙauyuka su naɗi muryar tsofaffin nan, maza da mata, har da na ɓangaren NPC, jam'iyyar Sardauna da NEPU ta yi hamayya da ita, domin su ma suna da nasu bayanin kuma 'ya'yansu 'yan'uwanmu ne. A ɗauki hoton katin jam'iyya da takardar sammaci da wasiƙun da ke cikin adaka kafin gara ta gama da su. A kai Mambayya da Arewa House, a ɗora a intanet yadda ɗan Kano da ke Kumasi ko Khartoum ko nan Johannesburg zai iya saurare. Mu da ke waje muna tara kuɗin gina masallaci da kai gawa gida, ba za mu kasa biyan kuɗin motar ɗalibai ba.

Sannan a fassara sanarwar Sawaba da Hausar da kowa zai gane, gidajen rediyon Kano da Kaduna su karanta ta duk 8 ga Agusta. Bayan an karanta, a gayyato duk ɗan siyasar da ke kiran kansa magajin Malam, a zaunar da shi awa ɗaya, a buɗe layin waya, ya amsa tambayoyi a kan yaran da ba sa makaranta a jiharsa, da mutanen da ke tsare a gidan yari ba shari'a, da harajin da ake tatsa a hannun mai tura baro a kasuwar Singa.