Jirgin Haya a Yaƙin Teku Ba Na 'Yan Fashi Ba Ne

Mutane da dama suna ɗauka cewa ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, waɗanda Ingila ta yi hayarsu a yaƙe-yaƙenta da Faransa tsakanin 1793 da 1815, na 'yan farautar ganima ne. Ba haka ba ne. Mai jirgi shi ke kawo jirgin da matuƙansa, gwamnati ta biya shi kuɗin haya, rundunar ruwa kuma ta ɗora laftanan nata ya shugabance su. Aikinsu kai wasiƙu, leƙen asiri da rakiyar jiragen 'yan kasuwa. A gumurzun Kamfadan na 1797, wanda Ingila ta gwabza da Holan a teku, wasu daga cikinsu sun bi Admiral Dankan, kwamandan jiragen yaƙin Ingila, ga su ƙanana tsakanin manyan jirage masu aman wuta.