Nineba ta tuba a zamanin Yunusa, jikokinta fa?

'Yan'uwana matasa, yawancinmu labarin Nineba da muka sani na Yunusa ne: birni ya tuba, sarki ya sa tsummoki ya zauna cikin toka, Allah ya janye hukunci. A nan muke tsayawa. Ku buɗe littafin Nahum, babi 3 ne kacal, ku ga yadda ta kaya da jikokinsu.

Assuriyawa, waɗanda Nineba ce babban birninsu, ba ɓoye muguntarsu suke yi ba, tinƙaho suke da ita. A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Sarki Sennakerib ya ci garin Lakish na Yahuza, sannan ya sa aka sassaƙa yaƙin a bangon fadarsa da ke Nineba. Ga waɗanda aka tsire a kan itace, ga waɗanda ake feɗe wa fata, ga mata da yara an tasa ƙeyarsu ɗauke da ƙunshin kaya. Duwatsun suna gidan tarihi na Birtaniya a Landan har yau. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani gwani ya zauna, hankalinsa kwance, ya mai da azabar bayin Allah adon ɗaki.

Nahum ya kira Nineba birnin jini, cike da ƙarya da ganima. Ya tambaye ta ko ta fi No-Amon ta Masar ƙarfi, birnin da Assuriyawan da kansu suka washe a 663. Ya yarda Ubangiji mai jinkirin fushi ne, amma ya ce ba ya ƙyale mai laifi. A 612 kafin haihuwar Almasihu Babiloniyawa da Mediyawa suka far wa Nineba, suka ƙone ta. Kufanta na Mosul ta Iraƙi, gabas da kogin Dijla. Annabin ya rufe da cewa duk wanda ya ji faɗuwarta zai tafa, don wa muguntarta ta bari?

Tuban kakanni bai rufa wa jikoki asiri ba. Kai ma kada ka fake da cewa gidanku na masu ibada ne. Dubi abin da muke yi idan an kama ɓarawo a kasuwa: ana jibgar mutum, jini na zuba, samari sun ɗaga waya sama kowa na neman inda hoto zai fito da kyau. Kafin yamma an watsa a WhatsApp ana ta dariya. Idan irinsa ya shigo wayarka, kada ka tura wa kowa, ka goge. In kuma kana wurin, mai da wayar aljihu, ka nemo dattijo ko 'yan sanda tun mutumin na da sauran numfashi.