Hanya daga ƙasa take ruɓewa: abin da Minesota ke aunawa, mu ba ma aunawa

A jihar Minesota, nan Amurka, ba tsananin sanyi ne ke kashe hanya ba, narkewar ƙanƙara ce. A hunturu ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta kan daskare zurfin fiye da mita 1. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kashi 9 cikin 100, amma babbar ɓarnar daga lallausar ƙasa take, mai tsotso ruwa daga ƙasa zuwa inda sanyin ya kai. Sai ƙanƙara ta yi faifai-faifai ta ɗaga kwalta.

Wajen watan Maris narkewa ke farawa, kuma daga sama take sauka. Ruwan da ya narke ba shi da mafita, domin ƙasan har yanzu a daskare yake kamar dutse. Kwalta na zaune kan kunu, tirela ɗaya ta isa ta farfasa ta.

Shi ya sa suke auna zurfin daskarewar ƙasa. Ana haƙa rami a hanya, a zura siririn bututun roba cike da ruwa mai shuɗin rini. Inda ya daskare launin kan washe, ma'aikaci ya zaro ya auna da awo. Yanzu an fi binne ƙananan na'urorin auna zafi a zurfi daban-daban, suna aika bayani ta waya. Idan ba a toshe bakin ramin da kyau ba, ruwa ya bi jikin bututun, awon ya yi ƙarya. Da narkewa ta kankama, hukuma ta rage nauyin da aka yarda, a wasu hanyoyin zuwa tan 5 ko 7 kan kowane jerin taya, har tsawon mako 8.

Mu can gida ba mu da ƙanƙara, amma watan Agusta shi ne Maris ɗinmu. Marmara ta sha ruwa, kwalbati ya toshe, motar siminti da taki na wucewa da lodi iri ɗaya da na rani. Gwajin hanya da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ninka nauyi sau 2 na ninka ɓarna kusan sau 16. Kamaru da Chadi sun daɗe da shingen ruwan sama, suna tsayar da manyan motoci a hanyar burji har ƙasa ta tsane. A ganina a binne ma'aunin danshi a fadamun da hanyoyinmu ke ratsawa, a kafa sikelin motoci kusa da su, a rage lodi daga Yuli zuwa Satumba bisa abin da awon ya nuna.