Kwaɗon Hajiya mai ƙuli-ƙuli

Tunda labarin ya riga ya kai Yamai, har wasunku na kirana da dare suna dariya tun kafin su yi sallama, gara ku ji shi daga bakina. Wanda ƙanen uwargida ke yaɗawa ya sha gishiri. Ba a kira ƴan sanda ba, kuma ba wanda ya bi ni da muciya. Muciyar dai tana hannunta, wannan ban musa ba.

Farkon kun san shi. Ritaya ta zo, aka ba ni ɗan abin da aka ba ni, uwargida ta ce ita ta gama biyan haya a Yamai, a koma kusa da dangi. Ita ce ƴar Maradi. Ni mutumin Tasawa ne, abin da na sani na garin bai wuce tasha da gidan surukai ba. Babban ɗanmu da ke Amurka ya turo min bidiyo ta WhatsApp, wai wata unguwa ce a Florida da aka ware wa waɗanda suka kai shekara 55, tsofaffi na ta yawo cikin ƴan ƙananan motocin filin golf, ya ce ga irin hutun da ya dace da ni. Na ce masa unguwar da babu yara, wa zan aika ya sayo min goro? Da na san abin da yara za su yi min da ban yi saurin magana ba.

A kan sayen gidan kuwa ba wanda zai ce na yi sakaci. Na ƙi gidajen tsofaffin unguwanni, su Bagalam da Mokoyo da Limanci, don yawanci na gado ne: ka biya mutum ɗaya, baɗi wani ya dawo daga Libiya ya ce shi bai sa hannu ba. Na ƙi duk wurin da ƙasa ta gangara, don kowane tsoho a garin nan zai ba ka labarin 1945, shekarar da Gulbi ya cinye tsohon gari har aka tashi aka hau tudu. Dillalin da ƙanen uwargida ya kawo, kun san shi, mai hular nan da ba ta zama daidai a kansa, ya kai ni can gefen unguwar Zariya inda gari ke ta cin gonaki. Ɗaki uku da falo, rufin kwano, tsakar gida mai faɗi, koren get. Na duba takardar meri, wato ofishin magajin gari, na duba lambar fili, na sa aka kira shaidu, na biya la'ada ban rage dala ba. Abin da ba wanda ya ga ya dace ya gaya min shi ne Alhajin da ya sayar min gida huɗu ya gina a jere, magini ɗaya, fenti ɗaya, mai walda ɗaya. Kuma kullum da yamma ake kai ni, a bayan mashin, ina riƙe da hula. Alamar da dillali ya ba ni da bakinsa ita ce tulin yashi a ƙofar gida.

Ranar tarewa Litinin ce, ranar kasuwa. Motar kaya ta kwana a hanya, kilomita sama da 650, Doso, Dogonduci, Konni, Madawa, Gidan Rumji, muka shigo gari bayan azahar cikin zafin Afrilu, rawanin da na naɗa don ƙura ya jiƙe sharkaf. Uwargida ta sauka gidansu, ta ce in an jera kaya a zo a ɗauke ta. Na kira dillali, waya a kashe, wai ya tafi ɗaurin aure Madarunfa. Na ce wa direba kada ya damu, na san wurin.

Muka shiga layin. Ga koren get, ga tulin yashi. Na ce a tsaya, a fara saukewa.

Na ciro makulli na sa a kwaɗo, ya ƙi shiga. Na juya shi, ya ƙi. Na tofa masa yawu, na goge a riga, ya ƙi. Sai na lura kwaɗon ma ba irin wanda na gani ba ne, wannan babba ne mai ruwan tagulla. Nan take gabana ya faɗi, don duk wanda ya zo sayen gida a garin nan an cika masa kunne da labarin fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu. Na ce shi ke nan, an yi da ni, shi ya sa wayar take kashe. Raina ya ɓaci iya ɓaci. Na tura yaron mota ya nemo mai walda.

Kafin mai walda ya iso ƴan dako sun yi nisa. Sun jingina katifa da bangon gidan, wadda ke da tambarin ruwan da ya zubo mana daminar bara. Sun sauke gado, sun sauke tukwanen uwargida, sun sauke kwalayen takarduna, sun ɗora hotona mai gilashi a kai, wanda aka ɗauka ranar da aka yi min bikin sallama, ina cikin kwat, ina murmushi. Yara suka fara taruwa. Ban san daga ina suke fitowa ba, layin da na gani shiru ne lokacin da nake ciniki.

Mai walda ya zo da injinsa a bayan mashin, ya ce jika 3, na ce yanka. Ya kalle ni ya ce, "Alhaji, gidanka ne dai?" Na ɗaga masa takarda. Ya sa baƙin tabarau ya fara, tartsatsi na tashi, yara na ihu. Ana cikin haka hancina ya jiyo ƙamshin man gyaɗa mai zafi, sai kuma kukan akuya daga ciki. Na ce a raina, wato har sun tare, har da dabba.

Kwaɗo na faɗuwa ƙasa, ƙaramar ƙofar get ɗin ta buɗe daga ciki.

Dattijuwa ce gajera, ta yi ɗaurin ƙirji a kan riga, hannayenta na sheƙi da mai har gwiwa, ga tunkuza manne a yatsunta, ga muciya. Jar akuya irin tasu ta nan ta leƙo ta ƙarƙashin hannunta. Ta dubi kwaɗon a ƙasa. Ta dubi mai walda, wanda ya riga ya fara naɗe wayarsa. Ta dubi katifa, ta daɗe a kan katifar. Sannan ta dube ni.

"Lahiya, Malam?"

To, a nan ne shekarun da na yi a biro suka taso min. Na gyara tsayuwa, na buɗe takarda, na fara da Faransanci. Na karanto mata sunan ma'aikata, na karanto lambar fili, na karanto kwanan wata, na nuna mata hatimi da yatsa. Na ce mata zama cikin gidan wani ba izini laifi ne a doka, amma ni mutum ne mai tausayi, na ba ta kwana uku ta kwashe. Wallahi jawabin ya yi kyau. Ko ranar sallamata ban yi irinsa ba.

Ta bari na kai aya. Ta goge hannu a zane ta ce, "Malam, maimaita da Hausa, in ji mi ɗiyana za su rama."

Na maimaita da Hausa. Da Hausa bai yi daɗi kamar na farko ba. Kuma ina tsakiyar maimaitawa akuyar ta zagaya ta kama kusurwar wani fayil da ya leƙo daga kwali, yara suka kwashe da dariya, na dakata na kore ta, na dawo na rasa inda na tsaya. Hajiya ta ce, "Ka kai wajen kwana uku." Na ci gaba daga nan. Maƙwabta mata sun leƙo ta kan katanga, wani mai kabu-kabu ya tsaya da fasinjansa, fasinjan ma bai ce a tafi ba. Ta ce shekararta shida a gidan nan, ɗanta ya saya mata, takardarta na cikin akwati, amma ba za ta ɗauko ba sai an gaya mata wanda zai biya kwaɗo. Na ce shekara shida ba ta yiwuwa, don watan jiya na shiga gidan nan babu kowa ciki, har na auna falo da ƙafa. Ta ce to aljani ya kai ni.

Yanzu ga wanda na zauna rubutun nan dominsa. Tsallaken layin akwai bishiyar dogon yaro, ƙarƙashinta tabarmi biyu da benci, tsofaffi biyar ko shida. Cikinsu akwai wani dogo mai farin gemu, rediyo manne a kunnensa. Tun shigowar motarmu yana nan. Ya ga na sa makulli. Ya ga an tafi neman mai walda, tafiyar da ta ci kusan rabin awa. Ya ga an sauke gado. Ya saurari Faransancina daga farko har ƙarshe, kuma daga baya na gano tsohon ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, ya fi ni jin harshen. Sai da aka gama labarai a tashar Anfani, ya kashe rediyo, ya tura eriya ciki a hankali, ya nemi takalminsa ƙafa ɗaya da ya shige ƙarƙashin benci, ya tsallako, ya kira ni da "monsieur" irin yadda ake faɗinsa a nan.

"Mushe, kai ne baƙon da ya sai gidan Alhaji? Naka wancan ne, na biyu daga nan. Tun ɗazu ka wuce shi."

Na ce yashi fa? Ya ce yashin ƙofata magini ya kwashe shi tun makon jiya, wannan na Hajiya ne, jiya aka zuba, za ta yi wa akuya ɗaki.

Na taka zuwa can, jama'a na bina a baya, ba wanda ya ce uffan. Na sa makulli. Ko gardama bai yi ba, ƙaras, ya buɗe. Wani yaro ya yi tafi.

Na juyo na ce wa mai rediyo, "Alhaji, tsakaninka da Allah, ka san haka tun farko ka yi shiru?" Ya ce, "Ai ba ka yi muna sallama ba. Na ɗauka kai ɗan gari ne."

Na yi sallama. Wannan ita ce maganar da har gobe ba zan bari ba. Da motar ta shigo layin na ɗaga musu hannu daga gaban mota, direba shaida ne. Shi ya ce ɗaga hannu daga cikin mota gaisuwar ƴan siyasa ce, a nan in ka ga manya zaune sauka kake, ka ba kowa hannu, ka tambayi gida, ka tambayi zafi, ka faɗi ko kai wane ne. Na ce mutumin da ya kwana a hanya fa? Ya ce ai shi ya fi buƙatar a nuna masa gida. Ku duba irin wannan mutum. Ya bar dattijo ɗan'uwansa ya kashe jika 3 a kan yanke kwaɗon tsohuwa don kawai ya koya masa gaisuwa. Kuma kada ku ga gemun nan ku ɗauka waliyyi ne. Yanzu da nake zama da su na san shi sarai. Ba ya sa ko dala a kuɗin shayi, amma kofin farko nasa ne. In ana dara sai ya ce idonsa ba ya gani sosai, ya matsar da ɗan wasa rami biyu. Duk wanda ya wuce ya san nawa ya sayi gidansa da wanda ya ranta masa cikon. Ni ma ya faɗi kuɗin nawa gidan a gaban mutane, kuma ya ce an ɗora min.

Eh, da su nake zama. Ina zan je? Majalisar nan duk ƴan fansho ne, tsohon malamin lakwal, tsohon ma'aikacin gidan waya, wani da ya yi aikin gona a Dakoro, daga hantsi zuwa azahar, daga la'asar zuwa magariba. A wurinsu na san wane mai gyaran famfo ne ba ya gudu da kuɗi, da layin da ba a bi da mashin in an yi ruwa a Agusta, da cewa ba a sayen hatsi sai ranar Litinin ko Juma'a. Washegarin abin na je na ba kowa hannu ɗaya bayan ɗaya, mai rediyo ya riƙe nawa ya daɗe, yana tambayar lafiyar makulli.

Lissafin ranar kuwa: sabon kwaɗo irin nata sak, don ta ƙi karɓar ƙarami. Ƴan dako suka ce ɗauka ta biyu kuɗi na biyu, alhali tafiyar ba ta kai taku arba'in ba. Ƙuli-ƙulin da ke kan wuta ya ƙone lokacin da nake jawabi, shi ma ni na biya, aka kawo min shi a roba wai tunda na saya. Uwargida da ta ji, maimakon ta tsaya min, sai ta ɗauki turmin atamfa ta tafi ba da haƙuri, yanzu ita da Hajiya adashi ɗaya suke, kuma ina jin dariyarsu ta kan katanga biyu.

Dillalin ya dawo daga Madarunfa, ya ce shi ai ya gaya min na biyu ne. Bai gaya min ba. Yaran layin kuma Baba Walda suke ce min, har mai kai mana ruwa da haka ya rubuta ni a littafinsa. Na ce zan sake wa get ɗin fenti, in yi shuɗi, mai rediyo ya ce in jira bayan damina, fenti zai sauka. Ban san inda ya samo wannan ba, amma dai ban saya ba tukuna.